Zuwa Haihuwa Tambuwal da Surukata da Akuyarta

Tun da munka dawo daga Tambuwal ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce me ya kai namiji wurin haihuwa kamar ungozoma, wancan ya ce me ya sa na dawo a rame kamar karan dawa, Sahabi mai faci kuwa kullum sai ya tambaye ni ko gaskiya ne a but ɗin mota na shiga garin. Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni haka nan.

Bari in fara da abin da kuke raɗa a bayana. Ni da matata A'i muna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda kuke kira ƙanjamau. Ta yarda in faɗi, shi ya sa na faɗi. Kada wani ya tambaye ni inda munka samo ta, ban sani ba, likita ma bai sani ba. Abin da na sani, akwai yaron da munka haifa can baya, bai kai shekara ba ya koma, kuma a jinyarsa anka gano. Tun daga nan muna haɗiyar ƙwaya kullum, muna noma, muna cin tuwo kamar kowa. A Tambuwal muke karɓar maganin, don a Kebbe in ka yi atishawa da safe, kafin azahar labari ya riga ka isowa nan Fakku.

Da A'i ta sake samun ciki, wadda take duba ta wurin awo wata malamar asibiti ce, Sista Talatu, 'yar Zuru, gajera, mai murya kamar ta direban tirela. Ita ta ce mana ana iya haihuwar yaro ba shi da cutar, in dai an bi abin da anka ce. Na farko, a asibiti za a haihu. Kuma tunda damina ce, kada mu jira naƙuda ta kama A'i a kan hanyarmu da ko jaki yake tsayawa ya yi tunani kafin ya bi.

To, sai maganar Inna, mahaifiyar A'i. Ita ba ta san da cutar ba. Kun dai san yadda muke da surukai a nan. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa kallon fuskarta ba. In anka ce in siffanta ta, ƙafafunta kawai zan iya kawowa, babban yatsanta na hagu ba shi da farce. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ban taɓa kurɓar ruwa ba. In tana da magana da ni, A'i take faɗa wa ko da ina tsugune a wurin, ni ma haka.

Ranar tafiya da safe sai ga Inna a ƙofar gida, da tabarma, da gora, da jar akuya mai shayarwa. Akuyar don madara ce, tunda a wurin tsofaffinmu nonon farko, dakashi, ba a ba jariri, matse shi ake yi a zubar, a riƙe shi da madarar akuya har farin nono ya zo. Gorar kuma dauri ne, jiƙon saiwoyi da ake ɗura wa jarirai don ciki ya yi ƙarfi.

A'i ta dube ni ta ce, “Ka gani?”

Na ce, “Na gani.”

“To mi za mu yi?”

Na ce mata Allah na nan. Abin da nake cewa ke nan duk lokacin da ban san abin yi ba.

Daga Fakku zuwa Kebbe babura munka hau, akuya a kan cinyata. A tashar Kebbe munka sami wata tsohuwar mota da ake ɗaure ƙofarta ɗaya da igiya. Ɗan kamasho ya sa A'i a gaba saboda cikinta, ya cusa Inna a baya tare da wasu masu buhunan barkono, sannan ya nuna mini wurin da ya rage. Wurin jikin Inna ne, kafaɗa da kafaɗa. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to mota ta cika, sai but. Na ce but ɗin ya yi.

Haka na naɗe tare da akuya da tayar safaya, anka ja murfin anka ɗaure, anka bar mana 'yar kafa ta shan iska. Ba zan iya gaya muku yadda hanyar take ba, don ban gan ta ba, ƙashin bayana ne ya san ta rami-rami. Akuyar kuma tun kafin mu bar gari ta fara cin hulata.

Wajen iyakar Kebbe da Tambuwal akwai shingen 'yan banga, sun gitta igiya. Na ji mota ta tsaya, na ji ana kwance murfi, sai ga wani dogo da bindigar toka da layu har gwiwar hannu yana kallona. Ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga.

Ya ce, “Bawan Allah, sato ka anka yi?”

Na ce a'a.

“Kada ka ji tsoron direba. Mu na nan. Faɗi gaskiya.”

Na ce, “Surukata na cikin mota.”

Sai ya sauke bindigar. Ya leƙa ta gilashi, ya dawo, ya rage murya ya ce, “Allah shi ba ka haƙuri. Ni ranar sunan ɗana cikin rumbu na yini.” Ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe marar lafiya, ya ce wa direba ya bi ramuka da tausayi, akwai mai mutunci a baya.

A ƙofar asibiti mai gadi ya tare mu. Ya ce mutane ke shiga, ba bisashe ba. Inna ta ce akuyar tare suke. Ya ce in dai ba ita za a yi wa awo ba, ta tsaya waje. A ƙarshe anka ɗaure ta a gindin wata darbejiya bayan katanga, inda masu jinya daga ƙauyuka suke shimfiɗa tabarmi. Nan ne masaukinmu. Maza suna gefe guda, mata gefe guda, amma Inna ta ce ba za ta bar akuyarta cikin mutanen birni ba, ta shimfiɗa tabarmarta daf da tawa.

Da Sista Talatu ta duba A'i sai ta ce abin ya kusa, ta ba ta gado. Shi ke nan, mai kai mana saƙo ta shige ciki. Munka zauna ni da Inna kamar kurame. Can sai na ji ta gyara murya ta ce, “Ke akuya, a ce ma mijin A'i shi ɗebo ruwa.” Na tashi na ɗebo. Na dawo na ce wa akuyar a ce wa Inna ga ruwa. Haka munka ci gaba, kuma in faɗi gaskiya akuyar ta fi A'i iya aikin, don ba ta ƙara nata a kai.

Maƙwabcina na tabarma wani Malam Umaru ne daga Dogon Daji, mai sayar da albasa, ya kawo ƙanensa da ya karye a ƙafa. Ban taɓa ganin bakinsa a tsaye ba, in ba ya tauna to yana magana. Ya sayo shinkafa da wake da mai da yaji, ya ajiye a gabana ya ce bismilla. Ni kuwa tun kokon asuba ban sa komai a ciki ba. Ga Inna zaune. Bakina ya riga hankalina, na ce azumi nika yi.

Inna ta ce wa akuya, “Mijin A'i akwai ibada.”

Daga nan na shiga uku. Wanda surukarsa ta yaba wa azumi ba ya fasawa. Sai in ce zan je masallaci, in zagaya bayan ɗakin janareta in ci awara a tsaye ina waige-waige. Awarar Tambuwal kuwa ba ta riƙe ciki, in ka ɗaga ta kana hango mai tuyar ta cikinta. Wannan ce ramar da kunka gani a jikina, ba abin da kuke zato ba.

Asibiti wata ƙasa ce daban. A nan gida mace takan durƙusa a ɗaki ta haihu, miji yana gona, sai a aika a ce masa an sauka. A can kwantar da ita ake yi a gado mai ƙafar ƙarfe, miji kuma shi ne ɗan aike. Mata ke ba da umarni, maza suna cewa to. Hannu kuwa suna wanke shi kamar masu rantsuwa, a taɓa mutum a wanke, a taɓa ƙofa a wanke. Na ga wani mai rawani an ce masa ya cire takalmi, ya cire ba musu.

Sista Talatu ta kira mu ɗakinta ni da A'i, ta rufe ƙofa, ta yi mini karatu.

Ta ce, “Ƙwayar da uwa take sha ita ke danne cutar har ta rasa ƙarfin ƙetarawa zuwa ga yaro. Mun auna jininta, cutar ta dannu. Da an haihu za mu ɗiga wa jariri nasa maganin a baki, ku ci gaba da ba shi kullum har sati shida. Sannan nono zalla wata shida. Ba ruwa, ba madara, ba jiƙo.”

Na ce, “Ko cikin zafin nan namu, ba ruwa?”

“Nonon da ruwansa a ciki. Hanjin jariri kamar fatar albasa yake. In kun ɗura masa wani abu ya kuje shi, kun buɗe wa cuta ƙofa da hannunku. Wanzami kuma kada ya zo masa da maganar cire beli.”

Na ce to wa zai hana duk wannan a gida.

Ta ce, “Kai.”

Na gaya mata batun akuya da gora. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa sirrinmu ba, wannan namu ne, amma za ta ja wa tsohuwa kunne a kan nono zalla. Ta kuwa fita ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, “To.” Sista ta dawo tana murna. Ni da na san irin wannan to ɗin na tsofaffinmu, na san ba a yi komai ba.

Washegari da hantsi A'i ta sauka, mace. Anka goge ta, anka ɗora ta a sikeli kamar tsokar mahauci, anka ɗiga mata maganin ta yamutsa fuska, sannan anka manna ta a ƙirjin uwarta ta kama dakashin nan tana zuƙa. Inna ta leƙa ta ga haka, ta yi salati, ta fito da sauri. Ina kallon ƙafafunta sunka nufi darbejiya. Ta tsuguna ta tatsi akuya a ɗan kofi, ta ɓoye shi cikin mayafi, ta juyo.

Na sha gabanta na tsuguna. Ba ni da ikon riƙe ta, ba ni da bakin hana ta, gaisuwa kawai anka halatta mini. Na gaishe ta da kwana, da gajiya, da baƙunta, da samun ƙaruwa, na tambayi mutanen gida da munka baro tare. Gaisuwa ta ƙare. Ta ɗaga ƙafa za ta kewaye ni. Sai kawai na ga hannuna ya shiga mayafin surukata ya fito da kofi, na kafa kai na shanye.

Duk wanda yake gindin darbejiyar nan ya juyo yana kallona. Malam Umaru ma ya daina tauna.

Inna ta juya ta ce wa akuya, “Azumi ya taɓa mishi kai.”

Ta koma ta sake tatsa. Na sake shanyewa. Da akuyar ta ƙafe sai ta kwance gorar dauri, ta ce to wannan dai ba mai hankalin da zai sha. Abin da ake ba jariri a bakin cokali, ni na ɗaga gorar na juye ta duka. Na sha maɗaci a rayuwata, amma wannan kakansa ne. Har kunnuwana sai da sunka yi ɗaci.

Ba a jima ba cikina ya fara kiran sallah. Abin da ya biyo baya tsakanina ne da ban ɗakin asibiti, wanda na san shi yanzu fiye da ɗakin kwanana. Duk sanda na dawo ina jan ƙafa sai Malam Umaru ya ce, “Sannu jariri. Ciki ya yi ƙarfi?” Inna kuwa ta yanko wa akuya ganye tana ba ta, tana jiran hantsa ta sake cika.

Na ga wannan yaƙin ba zan ci shi ba. Akuya tana da ganyen Tambuwal gaba ɗaya, ni ciki ɗaya gare ni. In ma na tsare asibiti, wa zai tsare gida ranar da na tafi gona? Na lallaba ta tagar ɗakin masu jego na ce wa A'i ko ta gaya wa uwarta gaskiya, ko ta shirya takaba.

Ta ce, “Bakina ba ya iyawa. Kai faɗa mata, na yarda.”

Na ce, “Ni da ban taɓa yi mata magana ba in ba gaisuwa ba?”

Ta ce, “To faɗa ma wadda kuka faɗa mawa.”

Bayan la'asar na roƙi Malam Umaru ya je ya duba ƙanensa, ya ɗan jima a can. Na tsuguna gaban akuya, Inna tana bayana a tabarma tana jan carbi. Na ce a ce wa Inna ta yi haƙuri da rashin kunyar da na yi, ba hauka ba ne. Na ce a ce mata ni da ɗiyarta muna da ciwon nan da ake tsoro, mun daɗe da shi, muna shan magani. Na ce ita jaririyar ana sa ran ba ta ɗauka ba, amma in anka haɗa mata nono da madara ko dauri, ana iya buɗe wa ciwon hanya. Akuyar tana tuƙa tana kallona kamar ta saba jin irin wannan.

Carbin ya tsaya.

Can Inna ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, “Yaron can da ya koma, ni na ɗura mishi dauri da hannuna.”

Na ce a ce mata ba ita ba ce. Lokacin ba wanda ya sani, ba mu shan magani, ba a ɗiga masa komai ba. Wannan karon mun sani.

“A tambaye shi, in an bi abin da 'yar Zurun nan ta ce, yarinya na tsira?”

Na ce a ce mata haka likitoci sunka ce, mafi yawa suna tsira, sauran na Allah ne.

Na ji ta tashi. Ta ɗauki kofin ta kife shi a ƙasa, ta ɗora dutse a kai. Sannan ta ce, “A ce mishi shi tai shi ci abinci irin na mutane. Azumin ƙarya ya isa haka. Tun jiya nika hango shi bayan ɗakin janareta da awara.”

Da anka sallame mu, kwalbar maganin jaririya Inna ta karɓe ta ƙulle a bakin zanenta, ta sa Sista Talatu ta nuna mata ma'aunin har ta iya. Ni dai but na koma, don faɗin gaskiya ba ya soke surukuta. Sai dai an tsayar da mota saboda ni fiye da yadda direba ya so.

A gida kun ga abin da kunka gani. Inna ta tare a ɗakin A'i ta zama soja. Tsohuwar da ta zo barka da ruwa a moɗa don a jiƙa wa yarinya maƙoshi, Inna ta ce ta sha abinta. Ranar suna wanzami ya yi aski da sabuwar reza da Inna ta ɓare da hannunta, da ya ce a buɗe bakin yarinya ya duba beli, ta ce ya duba na uwarsa. Kowa ya ce tsufa ya fara taɓa ta. Ba ta ba kowa dalili ba, ta bar mana mu faɗa in mun ga dama.

Da yarinya ta cika sati shida munka koma, anka tsaga mata dunduniya anka ɗiga jini, anka ce sai an aika da shi wani wuri. Jiran nan ya fi daurin ɗaci. Ranar da anka kira mu, Sista Talatu ta rufe ƙofa, ta zauna, ta tsaya gyara gilashinta har na ji kamar in gyara mata.

Ta ce, “Ba ta da shi.”

Na ce ta sake faɗi, kunnena na dama ba ya ji sosai. Ƙarya nake yi, lafiyarsa lau. Ta sake faɗi. A'i da ba ta yi ko tari ba a wurin naƙuda ta zame ƙasa tana kuka, ni kuma na rasa abin yi, na kama hannun Sista ina yi mata gaisuwar da ake yi wa hakimi. Ta ƙwace hannunta ta ce aiki bai ƙare ba, uwa ta ci gaba da ƙwayarta ba fashi, akwai wani gwajin a gaba, na ƙarshe kuma sai bayan yaye. Na ce mun ji, kuma to ɗina ba irin na tsofaffi ba ne.

Yanzu yarinyar, Hadiza, tana zama da kanta, ta fara shan kunu, ta fito da haƙora biyu na ƙasa, kuma duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ta gwada su a kansa. Na lura wasunku in sun zo gaisuwa suna ɓoye hannu cikin riga. Ku fito da shi. Wanda ta ciza kada ya kawo mini ƙara, ba abin da za ta sa masa sai yawu.